Gasar Zomaye: Darasi Ga Masu Kiwo a Jihar Kebbi

A Amurka, ƙungiyar masu kiwon zomaye da aka kafa a 1910 takan shirya gasa, inda alƙalai ke duba zomon Angora mai ulu, su auna cikar gashinsa da tsawonsa bisa rubutacciyar ƙa'ida. Sai dai wannan zomo bai dace da Jega, Aliero da Maiyama ba. Zomo ta kunnuwa da numfashi yake fitar da zafin jikinsa, zafin Afrilu kuwa a nan yakan haura digiri 40. Abin koyi shi ne gasar kanta. Ya kamata jami'ar kimiyya da ke Aliero ta riƙa tara masu kiwo kowace shekara, a fifita zomanya mai jure zafi, mai yaye 'ya'ya da yawa. Da irin wannan zaɓe ake gyara iri.