JANGALIN 'YAN HAYA

Jama'a, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A shekarar 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano, talakawa suka yi ta murna an daina ƙirga kawunansu da na shanunsu. Ashe jangali bai mutu ba, ɓuya ya yi, ga shi ya ɓullo ta zauren masu gidajen haya.

Wani malamin firamare da aka turo Gaya ya kama ɗaki ciki da falo, ya biya kuɗin shekara cif. Da ambaliyar daminar 2022 ta rushe gidaje a Ajingi, sai ya ɗauko mahaifiyarsa da ƙannensa biyu su raɓa kafin a tayar da gini. Kwana uku ba a yi ba mai gida ya yi sallama, wai tunda kawuna sun ƙaru, kuɗin haya ma sai ya ƙaru. To, Alhaji, ɗakin ne ya ƙara faɗi da tsohuwa ta shigo? Ko kuwa wani kwano ka ƙara a rufi?

Ku duba wa ake yi wa wannan. Malaman makaranta ne, da ma'aikatan asibiti, da 'yan'uwanmu ɗalibai da tsadar ɗaki a Wudil ta sa suke cunkushewa. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, kuɗin mota kaɗai ya isa ya sa ƙane ya tare wurin wansa. Wannan ciwo kuwa tsoho ne: iyayenmu sun ba mu labarin yadda kuɗin Udoji na 1975 ya sa haya ta yi tashin gwauron zabo tun kafin albashi ya kai gida.

Masu gida suna da abin cewa, kuma mun ji. Sun ce masai yana saurin cika, rijiya tana ja da baya, kuɗin wuta yana ƙaruwa. Gaskiya ne, idan ɓera da sata daddawa ma da wari, don akwai ɗan hayan da zai kama ɗaki shi kaɗai, ya mai da shi tasha. Amma maganin wannan a fili yake. A raba kuɗin wuta da na kwasar masai bisa yawan masu amfani, wanda ya fasa ƙofa ya gyara. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne sauya ciniki bayan an ƙulla. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya karanta Risala ya san hukuncin haya kamar na saye da sayarwa ne: a san kuɗi, a san lokaci. Wanda ya biya shekara ya mallaki amfanin ɗakin har shekara ta cika. Ka taɓa ganin wanda ya sayar da buhun gero ya biyo mai saye gida, wai a ƙara masa don bakunan ci sun yi yawa?

Kuma a Gaya za a yi wannan? Tarihi ya nuna daga nan maƙeran Abagayawa suka tashi neman tama har suka sauka a gindin Dala. Da can an ƙirga kawunansu an ce su biya, da wa zai kafa Kano? Mu da muka tashi muna jin baƙonka annabinka, yau mun wayi gari uwa ta zama abin yi wa kuɗi.

Saboda haka, 'yan'uwana, kada wanda ya sake kama ɗaki da fatar baki. A rubuta takarda gaban mai unguwa da shaidu biyu, a faɗi kuɗi, a faɗi wa'adi, a faɗi abin da za a yi in iyali sun ƙaru. Limamai su taɓo zancen a huɗuba, dagatai su sa ido, wanda aka matsa wa kuma ya san hanyar kotun shari'a. Masu gida kuwa su tuna, mu duka 'yan haya ne a duniya, kuma Mai Gidan bai taɓa ƙara mana kuɗi don mun haihu ba.

Allah Ya sa mu gyara, amin.