Manhajar Zaɓen Sana'a Da Abin Da Ɗalibi Ke Tsammani Daga Gare Ta

Sau da yawa ɗalibin da ya zauna gaban kwamfuta domin neman shawarar sana'a yakan ɗauke ta tamkar mai duba. Yana sa ran da zarar ya amsa tambayoyi za ta ambaci sana'a guda, ta ce da shi: ga abin da aka halicce ka dominsa. Wannan tsammani shi ne matsala ta farko da ya kamata malami ya magance.

Waɗanda suka ƙirƙiro irin waɗannan manhajoji ba su yi wannan alkawari ba. Manhajar SIGI, wadda Martin Katz ya jagoranci samar da ita a Amurka a shekarun 1970, tana sa mutum ya auna abubuwan da ya fi bai wa muhimmanci, kamar yawan albashi da martaba da taimakon jama'a da tabbacin ɗorewar aiki, sannan ta jero masa sana'o'in da suka dace da awon nasa. Wasu kuwa sun ginu a kan ra'in John Holland, wanda ya kasa sha'awar mutane gida 6. Ke nan abin da ɗalibi ya zuba shi yake kwasa. Idan ya amsa bisa son ran mahaifinsa, sakamakon na mahaifin ne.

Akwai kuma wani tsammanin da ɗalibi yake da gaskiya a kansa, wato a ba shi bayanin da ya shafi inda yake zaune. Rumbun O*NET na Amurka ya ƙunshi sana'o'i fiye da 900, amma albashi da sharuɗɗan da ke ciki na can ne. Yarinyar da ke Gusau tana son sanin darussan da za ta haɗa a jarrabawar JAMB, da ko iyayenta za su yarda ta yi karatu nesa da gida. Manhajar da ta yi shiru kan waɗannan ba ta biya mata buƙata ba, komai kyan tsarinta.

Tun a 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi masu ba da shawara a makarantun Nijeriya, kuma zuwan kwamfuta bai sauke musu wannan nauyi ba. Wajibi ne malami ya tambayi ɗalibi abin da yake fata kafin ya kunna na'ura, bayan ya gama kuma su zauna su bi jerin sana'o'in ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ɗalibin ya tsallake don bai taɓa jin sunansu ba.