Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara: Fasaha da Makomar Fazzan



Duk wanda ya bi hanyar Ubari ya ratsa Wadil Hayat, zai ga tarin ƙasa jere-jere a gindin duwatsu kusa da Jarma. Bakunan fuggara ne, hanyoyin ruwa na ƙarƙashin ƙasa da Garamantawa suka haƙa fiye da shekaru dubu biyu da suka wuce. Asalin dabarar daga Farisa take, ta biyo ta Masar. Ana haƙa uwar rijiya a gindin tudu, a ja rami mai gangara, a riƙa huda masa ƙofofi daga sama domin iska da yashe ƙasa, ruwa ya gangaro gonaki da kansa. Mutanen Fazzan sun karɓi wannan ilimi daga waje, suka haƙa ɗaruruwan irinsa, suka ciyar da garuruwa ƙarni bayan ƙarni. Sirrin ɗorewarsa shi ne ilimin haƙawa da gyarawa ya zauna a gida.

A zamaninmu kuwa, a 1984 aka aza harsashin Babban Kogin da ɗan Adam ya gina, kamfanin Dong Ah na Koriya ta Kudu ya karɓi kwangilar shimfiɗa bututu masu faɗin mita 4. A 1996 ruwan Jabal Hasawna, ruwan ƙasarmu ta Fazzan, ya isa Turabulus. Aiki ne na ban mamaki, kuma injiniyoyin Libiya da dama sun ƙware a cikinsa. Amma a tuna, Koriyar da ta zo mana da gwaninta ita ma almajira ce jiya. A 1968 ta kafa kamfanin ƙarfe na POSCO, ta gina masana'antarsa da tallafin Japan, ta tura 'ya'yanta can suka koyo aiki a gaban tanderu, a 1973 ta fara narka ƙarfe da hannunta. Ta sayi inji, ta kuma dage sai an koya mata cikinsa.

Wannan dagewar ce muke rasawa a kudu. Tashar lantarki ta Ubari, wadda kamfanin Enka na Turkiyya ya karɓi gininta, ta yi ta tsayawa duk lokacin da tsaro ya taɓarɓare. Da aka sace wasu ma'aikatanta a 2017, baƙi suka tattara suka tafi, aiki ya tsaya cik, mutanen Sabha suka ci gaba da kwana cikin duhu da zafi, ga rijiyoyin man Sharara a kusa. Fasahar da ke hawa jirgi ta tafi ranar da bindiga ta yi ƙara, har yanzu ta aro ce.

A ganina gyara yana cikin takardar kwangila. Duk kamfanin da zai haƙa mai, ko ya gina tasha, ko ya kafa allunan hasken rana a Fazzan, a wajabta masa horar da matasan yankin, da adadi da wa'adi a rubuce, a kuma haɗa shi da Jami'ar Sabha da makarantun koyon sana'a. Sannan a buɗe ƙofar ga duk mai hannu. Yawancinmu mun san yaro haziƙi da rashin lambar ƙasa ya hana shi takardar shaida ko aikin hukuma, alhali shi ke naɗa famfon rijiya idan ya ƙone, shi ke tayar da janareta a unguwa. Ƙasar da ke neman ƙirƙira ba ta da dalilin barin irin wannan baiwa a bakin gareji.

Mu ma Hausawa akwai namu nauyi. Makanikai da masu walda da magina na cikinmu su daina ɓoye wa yaransu sirrin aiki don tsoron kada su fi su. Iyaye su haɗa wa yaro sana'a da karatu, ya iya karanta zanen inji da Larabci da Turanci, domin hasken rana da ke shigowa gonakinmu yana buƙatar mai lissafi da mai ɗaure waya a jiki ɗaya. Da koyo akan iya. Allah Ya sa wa hannayen 'ya'yanmu albarka, Ya zaunar da Fazzan lafiya.