Buhun Masara Ya Isa Funtuwa, Mai Naƙuda Fa?



Kowa ya san Funtuwa gari ne mai albarka. Hanyar Zariya da ta Gusau da ta Katsina da ta Birnin Gwari duk nan suka haɗu. Audugarmu da masararmu nan ake kai su, kuma ba su taɓa rasa mota ba. To, matar manomin da ya noma su fa, ran da naƙuda ta kama ta da tsakar dare?

Matar da ke cikin gari, in akwai ɗan abin hannu, ta samu gata. Ga Babban Asibiti kusa, ga awon ciki, ga allurar rigakafin jariri. Amma wadda ke ƙauyukan Bakori, Ɗanja, Kafur, Ɗandume ko bayan Malumfashi, abu uku ne ke tsakaninta da likita: hanya, kuɗi, da dare. Da damina rafi ya kawo, kwalbati ya karye. Mai mota ya ce sai gari ya waye, don shekarun nan tsoron 'yan bindiga ya hana tafiyar dare a wurare da yawa. Kafin maigida ya sayar da akuya ya haɗa kuɗin mai, jini ya riga ya zuba.

Abubuwan da ke kashe matanmu sanannu ne: zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda, da zazzaɓin bayan haihuwa. Duk suna da magani in an isa da wuri. Wadda ta tsira daga doguwar naƙuda, sau da yawa sai ta ƙare a Babbar Ruga, Katsina, da yoyon fitsari, jaririn kuma babu. Tun 1985 Likita Kelsey Harrison ya fitar da bincikensa kan haihuwa 22,774 a Zariya, nan maƙwabtanmu. Ya nuna matan da ba su je awo ba, aka kawo su a makare, su ne suka fi mutuwa nesa ba kusa ba. Shekara nawa ke nan? Amma a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020, cikin kowaɗanne mata huɗu da suka rasu wajen haihuwa a duniya, fiye da ɗaya 'yar Nijeriya ce.

Rai na Allah ne, babu ja. Amma gyaran hanya aikin mutum ne. Kuma ku sani, a 2014 aka yi dokar lafiya ta ƙasa wadda ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don kula da lafiya tun daga tushe, wato ƙananan asibitocin da ke kusa da ku. Haƙƙinku ne, ba kyautar kowa ba.

Saboda haka duk ɗan takarar da ya zo, namu ko na wasu, kada ku bar shi ya tafi da kirari da turmin atamfa. Ku tsayar da shi a ƙofar mai unguwa, ku tambaye shi. Asibitin mazaɓarmu, yaushe za a sa masa ƙwararriyar ungozoma mai kwana a wurin? Wace mota ce za ta ɗauki mai naƙuda, wa zai zuba mata mai? In ana bukatar ƙarin jini ko tiyata, wa zai biya? Hanyarmu kuma, a wace shekara za a zuba mata tsakuwa? In ya yi ta kame-kame, kun ji amsarku.

Ku kuma magidanta, ku bar iyali su je awo tun cikin yana ƙarami, ku ware kuɗin mota tun da kaka. Iyaye mata, ku adana katin zaɓe kamar yadda kuke adana katin awo. Ran zaɓe ku fito da sassafe. In kunne ya ji, jiki ya tsira.