Gwal ɗin Hajiya ba jarin Alhaji ba ne

'Yan uwa na Kilomita Biyar da na sauran zangunan da ake karanta mu, maganar wannan makon ta shafi abin da ke wuyan matanmu da hannuwansu, kuma na san wasu alhazan ba za su ji daɗinta ba. Sai haƙuri.

Tun kafin a san gwal ɗin Dubai, kakanninmu mata suna da mundaye da warwaro da zobba da 'yan kunne. A ƙasar Hausa maƙera kashi biyu ne: maƙeran babbaƙu masu fartanya da gatari, da maƙeran farfaru masu kayan ado. A wancan lokacin da mace ta miƙo hannu an san daga wane gida ta fito. 'Yar talaka tagulla ko jan ƙarfe, matar attajiri azurfa, zinariya kuwa sai gidan sarauta da manyan fatake. Azurfar ma sau da yawa daga kuɗi ake samo ta. Akwai liyari, tsabar ƙasar Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Tereza, wadda aka yi ta bugawa shekara da shekaru amma kullum 1780 ne a jikinta. Nauyin kowace ɗaya kusan giram 28. Ta yi yawo a kasuwannin Borno da Wadai, maƙera suna narka ta su yi munduwa. Wato abin da ke hannun mace kuɗi ne aka sauya wa kama, ranar buƙata kuma a mayar da shi kuɗi.

To, mu a nan ba sai an ba mu labari ba. A watan Janairun 1994 aka karya darajar Sefa da rabi cikin dare ɗaya. Wanda ya kwana da miliyan a akwati ya tashi da rabinta idan zai sayo kayan waje, amma sarƙar matarsa ko giram ɗaya ba ta ragu ba. Sai kuma abin da ya faru daga 5 ga Disambar 2013 zuwa watannin farko na 2014, lokacin da dubban Musulmin Bangui suka hau manyan motoci zuwa Cadi da Kamaru. Shago ba ya shiga mota. Bashin da kake bin mutane ba ya bin ka Garwa-Bulai. Abin da ya tsallaka iyaka shi ne wanda aka ƙulle a bakin zani ko aka ɗinke cikin kayan yara, kuma gidaje da yawa da shi suka kama hayar ɗaki, da shi suka sake kafa tebur. Allah kada ya maimaita mana.

Ga inda nake so mu tsaya. Duk ɗan kasuwar da kaya suka maƙale masa a hanyar Duwala, ko kwastan suka riƙe masa mota, wurin farko da idonsa ke zuwa shi ne akwatin uwargida. "Hajiya, ara mini sarƙar nan, da kaya sun iso zan saya miki wadda ta fi ta." Ita kuma ta kwance ta miƙa, don kunya, don 'ya'ya, don kada a ce ba ta rufa wa mijinta asiri ba. Ba awo, ba takarda, ba shaida. Kaya su iso, a sayar, a sake yin oda, shekara ta zagayo. Idan ta tuna masa sai ya ce ai duk abin na gida ne. Wani ma, wallahi, da ribar zai haɗa lefen amarya.

Ba na gida ba ne, nata ne. Sadakinta nata ne, haka abin da uwarta ta bar mata, haka wanda ta saya da kuɗin adashe ko na ƙosai. Shari'a ba ta haɗa aljihun miji da na mata ba. Ranar da ta rasu kuwa gwal ɗin gado ne, iyayenta da 'ya'yanta suna da rabo a ciki. Shi ya sa irin wannan aron yakan koma rigima a zaman makoki, tsakanin mutanen da ba su nan lokacin da aka karɓa.

Ko mai niyyar biya ma yakan cuce ta bai sani ba, idan ya riƙe lissafin da Sefa. A 2014 oza ɗaya ta zinariya tana tsakanin dalar Amurka 1,200 da 1,300 a mafi yawan shekarar. A watan Maris na 2025 ta haura 3,000. Wanda ya sayar da sarƙar matarsa a wancan lokacin, yau ya ƙirgo mata daidai kuɗin da ya karɓa, ko rabin sarƙar bai mayar ba. Ga kuma kuɗin ƙira, wanda mai saye ba ya biya idan ka kai masa tsohon gwal, amma kai za ka biya idan za ka sayi sabo.

Ni ban ce mace kada ta taimaki mijinta ba. Taimakon ne ya riƙe unguwar nan. Amma a kira abin da sunansa tun ranar farko. Idan kyauta ce ta faɗa da bakinta, ba tare da an ɗaure mata fuska ba. Idan haɗin jari ne a yanka mata kasonta na riba. Idan kuwa bashi ne, a tafi tare wurin mai awo, a rubuta giram nawa ne kuma karat nawa. Ku duba lambar da ke jikinsa: 750 karat 18 ke nan, 875 karat 21, 916 kuma karat 22. Kada a karɓi na 21 a mayar da na 18 a ce ai kamarsu ɗaya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, kuma ba ta ware miji da mata ba.

Hajiyoyi, ku ma da taku. A mazhabarmu ta Malikiyya gwal ɗin da mace ke sawa don ado ba a fitar masa da zakka, amma wanda aka saya aka ɓoye don tsaron gobe hukuncinsa daban ne. Idan ya kai nisabi, wajen giram 85, ya kuma shekara, a je a tambayi malami.

Takardar awon kuma kada a ajiye ta a shago. Mun ga yadda rumfuna suka ƙone a rikicin ƙarshen Disambar 2019, da kaya da littattafan bashi gaba ɗaya. A ɗauki hotonta da waya, a tura ta WhatsApp wa wani ɗan uwan matar da ke Garwa ko Kano ko Njamena, ita kuma ta riƙe ta asalin.