Zare: CAD da masu zubin dalma

1/ Zan faɗi abin da zai ɓata wa wasu rai. Mun yi yawa a layin zana fastar biki da ta 'yan siyasa. Da ɗaya cikin goma zai koma koyon CAD ya nufi wajen masu zubi, irin na Panteka a Kaduna, da ya fi mana. Ku biyo ni.

2/ CAD manhaja ce ta zana abu a kwamfuta da ainihin awonsa, tsawo da faɗi da kauri, tun kafin a ƙera shi. Fuli, murfi, hannun tukunya, duk abin da za a zuba.

3/ Ga yadda ake zubi. A danna samfur cikin ƙasa mai danshi a akwati, a zare shi, a kwarara narkakken alminiyom a gurbin. Yawanci samfurin tsohuwar tukunya ce ko tsohon ƙarfe. Matsalar fa, alminiyom yana tsukewa idan ya huce, wajen kashi 1.3 cikin ɗari. Ka kwafi kwafi, ka sake kwafa, wata rana murfi ya ƙi zama a bakin tukunya.

4/ A CAD awon yana nan a fayil, ba ya tsukewa, ba ya lotsewa. Ka ƙara kashin tsukewar sau ɗaya, shi ke nan.

5/ Amma kar wani ya ɗauka laftof ta mai da shi ogan maƙera. Ni na sha kunyar. Na zana fulin injin markaɗe, milimita 200 cif, aka buga min samfur a firintar 3D, na kai wa wani dattijo ina ji da kaina.

6/ Ya jujjuya shi a hannu ya ce, "Yaro, wannan ba zai fita daga ƙasa ba." Na ce, "Baba, kwamfuta ce fa ta auna." Bai ƙara magana ba. Ya danna, ya zare, gefen gurbin ya rufta a gabana. Yaran shago suna ta ƙunshe dariya, wallahi kamar in nutse.

7/ Bangon da na zana a miƙe yake sak. Dole sai da ɗan karkata, digiri 1 zuwa 3, kafin samfur ya zame ba tare da ya yago ƙasa ba. Kuma ko da ya fita, 200 ɗina da ya dawo 197 da 'yan kai, ga shi ban bar naman da za a sassaƙe a inji ba. Abin haushin, manhajar tana da maɓallin yin karkatar. Ban san dalilinsa ba ne, sai da Baba ya nuna min da babban yatsa.

8/ Na san masu cewa "ina wuta, ina kuɗin manhaja?" suna hanya. SolidWorks da tsada, gaskiya ne. Fusion 360 kuma yana son intanet. Amma FreeCAD kyauta ce, tana aiki babu data, a 2024 ma suka fitar da 1.0. Firinta ma ba dole ba ce, kafinta mai hannu zai sassaƙa maka samfur da katako idan zanenka ya fito da awo sosai.

9/ Wutar kam ban da amsa. Ni ma a shagon caji nake cika batir.

10/ Na gyara zanen, zubi na biyu ya zauna a injin daram. Yanzu duk ranar Asabar ina wajen Baba da laftof, kuma ba na buga komai sai ya leƙa allon ya ce to. Makon jiya ya turo jikansa in koya masa.