Gini da Shuka a Kan Babban Bututun Ruwa

A manyan biranen Arewa, musamman Kano, wata matsala tana ƙara fitowa fili duk lokacin da babban bututun ruwa ya fashe. Ma'aikatan Hukumar Samar da Ruwan Sha sukan bi sawun yoyon, sai su tarar ya ɓullo daga ƙarƙashin ɗakin wani bawan Allah, ko daga gindin itacen da ya dasa a tsakar gidansa. Mai gida ya ce fili nasa ne, ga takardarsa. Hukuma ta ce bututu na jama'a ne, kuma ya riga gidan zuwa wurin. Kafin a daidaita, unguwanni da dama sun kwana ba ruwa.

Asalin matsalar yana cikin tarihin birnin. Tun farkon shekarun 1930 aka fara jawo ruwan famfo zuwa Kano daga Kogin Challawa, ana tura shi zuwa ma'ajiyar da ke kan Goron Dutse. A wancan zamani gonaki da jeji ne bututun ya ratsa. Daga baya aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka kafa matatar Tamburawa, aka shimfiɗa sababbin layuka. Amma gari ya fi tsarinsa saurin girma. Ƙidayar 2006 ta nuna Jihar Kano tana da mutane fiye da miliyan 9. Gonakin da suka zama unguwanni, da yawansu ta hanyar awon igiya aka yanka su, inda mai gona da dillali suke raba fuloti ba tare da duba taswirar hukuma ba. Mai saye ya ga ƙasa shimfiɗe, bai san abin da ke kwance a cikinta ba.

Illar gini a kan bututu iri uku ce. Ta farko nauyi. Tsofaffin bututan ƙarfen zubi da na siminti mai haɗin asbestos ba sa lanƙwasawa. Idan harsashin gini ya danne su, ko ƙasa ta zauna bayan damina, sai su tsage, galibi a wajen mahaɗa. Ruwan da ke tsiyaya kuwa yana zaizaye ƙasar da ke riƙe da ginin, har bango ya dare. Ta biyu ita ce hana gyara, domin ba a iya haƙa rami a tsakiyar ɗaki sai an rushe shi.

Ta uku ta fi muni, wato lafiyar jama'a. A inda ruwan famfo ke zuwa yana ɗaukewa, bututu yakan zauna babu ƙarfin ruwa a cikinsa. A irin wannan lokaci, idan akwai tsaga kusa da shadda ko kwata, ƙazantar takan shiga ciki, in ruwa ya dawo ya kai ta gidajen mutanen da ba su san hawa ba balle sauka. Ta gurɓataccen ruwa ne kwalara da taifot suke yaɗuwa. A 2021 an ba da rahoton mutane fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Dalilan annobar suna da yawa, amma duk ƙofar da ƙazanta ke bi ta shiga ruwan sha ta cancanci a toshe ta.

Shuka ma tana da tata ɓarnar. Saiwar itace tana bin danshi, saboda haka ɗan yoyo kaɗan ya isa ya jawo saiwar darbejiya ko mangwaro ta nannaɗe mahaɗar bututu, tana kauri tana tura shi. Ciyawa da kayan lambu masu gajeriyar saiwa ba su da wannan haɗari, kuma ana iya cire su ranar gyara ba tare da asara mai yawa ba.

Ta fuskar shari'a, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna a matsayin amana. Abin da mutum yake riƙe da shi haƙƙin zama ne, kuma sashe na 28 ya ba Gwamna ikon soke shi saboda maslahar jama'a, yayin da sashe na 29 ya tanadi biyan diyya a kan abin da aka gina ko aka shuka. Dokar Tsara Birane ta 1992 kuma ta wajabta neman izini kafin gini, ta kuma ba hukuma ikon rushe wanda aka yi ba da izini ba. Ke nan wanda ya yi gini a ɓoye yana iya rasa gidan, hujjarsa ta neman diyya kuma ta yi rauni.

Duk da haka, adalci bai yarda a ɗora laifin duka a kan talaka ba. Bututun da babu alama a kansa tarko ne. A Ingila kamfanonin ruwa sukan hana gini a cikin mita uku ko fiye daga babban bututu, suna kuma ajiye taswirar da mai sayen gida zai iya neman gani. Wajibi ne Hukumar Ruwa, da Hukumar Tsara Birni, da ma'aikatar da ke kula da filaye su haɗa taswira guda, su kakkafa turakun siminti a kan kowane babban layi, su kuma sanar da dagatai da masu unguwanni, tun da a gabansu ake yawancin cinikin fili. Ma'aikacin da ya sa hannu a takardar gini ba tare da zuwa ya ga wurin ba, shi ma a tuhume shi.

Shi kuwa mai niyyar sayen fuloti, kafin ya biya kuɗi, ya je ofishin Hukumar Ruwa ya tambaya ko akwai layi a wurin. Wahalar wannan tafiya ta yini ɗaya ba ta kai ta ganin an rushe ɗakin da aka shekara goma ana tara kuɗinsa ba.